Kwalbar Auta

Na daki teburin mai gwajin. "Kai yaro, sharri kuka yi wa 'yata! Ka tashi mu je ka wanke ta!"

Jinin al'adar 'yata Auta ne ya makara, ga masu ɗaukarta aiki sun ce sai an yi gwajin ciki. Gwaji ya ce akwai, suka sallame ta. Washegari jini ya zo mata.

Mai gwajin ko ɗago kai bai yi ba. "Mama, mai fitsarin nan ciki gare ta, ko ina za a kai shi."

Na sami benci na zauna. Ban ji komai ba.

Ranar gwajin, tsoron kada a ga tana da ciki ya sa na zubar da fitsarin Auta, na cika kwalbar da nawa. Ni da jini ya ɗauke mini watannin baya, na ce ai tsufa ne.