Ɓera Aka Fara Yi Wa

"A jikin ɓeraye aka gwada," in ji likitar, "kuma sun haihu."

Matar ta zuba mata ido. Shekara da shekaru tana neman haihuwa, tana bin randebun ganin likitoci daga Garwa har Yawunde, ta sha sassaƙe har harshenta ya daina jin ɗaci. Sai yanzu aka gano wata ƙwayar gado ce a jikinta ke hana ƙwanta nuna. Ƙanwarta ta gani a waya cewa an samo allurar gyara irin wannan ƙwaya. Ashe ba a kai ga mutane ba tukuna.

Ita da ke sayar da gyaɗa a babbar kasuwa, yau za a ce mata ɓera ke buƙatar taimako wajen haihuwa?

Ta koma rumfa tana jan tsaki. Tana janye wani buhu sai ga 'ya'yan ɓera jajaye, tsirara, ido bai buɗe ba, uwar ta tsaya ƙyam a kansu.

Mijinta ya ciro takalmi.

"Alhaji, ajiye takalmin nan," ta ce, ta watsa wa uwar gyaɗa. "Layi ɗaya muke bi da ita. Ta dai riga ni shiga."