Kilo Biyar

"Ashirin da takwas, Baba," in ji ma'aikaciyar jirgi. "Ashirin da uku aka yarda. Sai ka rage kilo biyar."

Maigida ya daki tebur. "'Yar nan, sikelinku ne ya lalace! Sau uku na auna akwatin nan a gida."

Layi ya fara gunaguni, saura minti goma a rufe karɓar kaya. Ya durƙusa da ƙyar, ya zuge akwatin. Kayan sabuwar jikarsu ne, wata guda matarsa ta yi tana haɗawa. Ya ciro bargo, ya mayar, ya sake cirowa.

Matar tasa tana tsaye, ba akwatin take kallo ba, tumbinsa take kallo.

"Baban yara, da wane sikeli ka auna?"

"Na banɗaki mana."

"Wanda ya nuna ka rage kilo biyar, har na dawo maka da sukari a shayi?"

Sai a lokacin ya tuna ranar da ya kulle ƙofa ya murɗa allurar sikelin baya.

"'Yata," in ji matar, "sauke akwatin. Shi zai hau sikelin."