Ɗumi a Ɗakin Ajiya

"Ku canza mini na'urar nan," in ji Marlys ta waya. "Ƙanƙara ta rufe jihar Wisconsin, amma na'urar ta yi mako uku tana nuna ɗumi a waje."

Duane, wanda ya ɗauki wayar, shekara arba'in yana aiki a kamfanin agogo da na'urorin auna yanayi. Dokarsu tun farko ɗaya ce: kafin a canza, a tambayi inda aka rataye ma'aunin waje. Ya tambaye ta.

"A ɗakin ajiya da ke bayan gidana. Rabona da shi tun da na kori mijina."

"To, wani ke kunna wuta a ciki, baiwar Allah. Yanzu me take nunawa?"

"Ai shekaranjiya ta gyaru da kanta. Sanyi ƙarara."

Duane ya miƙe tsaye.

"Ajiye wayar nan, ki ruga ki buɗe ɗakin. Ina jin mijinki ne ke kwana a ciki, kuma wutarsa ta mutu."