Irin Shuɗin Bijimi

Tun safe saniya tilo ta wata tsohuwa take naƙuda a rugarta ta kudancin Beljiyam, maraƙi ya ƙi fitowa. Tsohuwar ta cakumi rigar likitan dabbobi.

"Kai ɗan nan, irin ƙaramin bijimi na ce ka ɗura mata! Sai ka ɗura na shuɗɗan dodannin bijiman nan da tsokarsu ba ta san iyaka ba? Ta mutu ka gani, kotu ce za ta raba mu!"

"Iya, sake ni in tsaga cikinta, ko ki rasa biyu."

Ya tsaga, ya zaro jibgegiyar maraƙa. Saniyar ta numfasa, tsohuwar ma.

Yana ɗinki ya ce, "Mace ce. Ita ma ranar da za ta haihu, sai da wuƙa."