Buhun Malam Tanimu

Tun da manyan ƙasashen duniya suka shiga ramuwar haraji, sikelin kasuwa ba ya auna buhu sai manomi ya faɗi ɓangarensa. Wanda ya ƙi faɗa, ba shi ba takin zamani.

Malam Tanimu ya ɗora waken suyarsa.

"Gabas ko Yamma?" in ji sikelin.

"Baba, zaɓi ɗaya mana, rana tana yi," in ji Sallau dillali.

Malam Tanimu ya san in ya ƙi zaɓa, baɗi gonarsa za ta rame. Amma yaushe ya yi faɗa da wani? Ya saɓi buhunsa.

"Ina zuwa, Baba?" in ji Sallau.

"Gida. Iyalina ta iya daddawa, awakina kuma ba su daina kashi ba."

Na bayansa a layi shi ma bai matso wurin sikelin ba.