Minsharin Bakanike

Shekara goma sha ɗaya matar bakanike tana jin minsharin mijinta, har ta san hawansa da saukarsa. Mutum ne mai jiki, mai kaurin wuya. In ya ci abincin rana ya kishingiɗa a doguwar kujerar falo, ko rediyo ba a ji. 'Ya'yansa kan ce Baba ya tada janareta.

Wata rana tana kwance masa agogo don kada ya matse shi, sai minsharin ya yanke. Ƙirji na motsi, iska ba ta shiga. A ƙarƙashin yatsunta ta ji bugun jijiyar hannunsa na ja da baya, ɗaya, can kuma ɗaya, kamar zai tsaya. Sai ya shaƙi iska da ƙarfi, bugun ya kwasa a guje. Bai farka ba. Kafin ya tashi an yi haka ya fi sau goma.

Ta ce, "Maigida, in kana barci zuciyarka sai ta lafa, sai ta zabura. Mu je asibiti."

Ya dafa ƙirji ya kasa kunne, yadda yake wa mota.

"Shekara talatin ina sauraren inji, ke za ki koya mini? Taɓa ki ji. Ko gargada babu."

"Ai yanzu idonka biyu."

"To, in yi barci in saurari kaina? Ke dai faɗi gaskiya, minsharin ne ya ishe ki."

Ta sake magana sau biyu, ya je kemis da rana aka auna shi, ya kawo mata takarda wai lafiyarsa ƙalau. Ta haƙura. Ciwon kan safiya da gyangyaɗi a gareji kuwa, ya ce gajiya ce.

Bayan shekara biyu, yana sunkuye kan injin wata mota, sifana ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya saurari matar, ya ce maƙogwaronsa ke toshewa cikin barci. Iska ta yanke, zuciya ta rage gudu. Jiki ya firgita, ta ruga, jini ya hau. Haka zuciyar take wahala shekara da shekaru, har abin ya kai ga haka. Da an zo da wuri, akwai na'urar da ke buɗe hanyar iska.

Hannun dama bai dawo ba. Ita ke ba shi abinci a baki.

Jama'a, minsharin da ke yanke numfashi ciwo ne, ba daɗin barci ba. Mai barci bai san halin da zuciyarsa ke ciki ba. In na kusa da kai ya gaya maka, ka je asibiti.