Goggo Ta Gyara Tikiti

"Goggo, ya na ga sunanki a tikitin?" Seok-ju ya tambaya.

Wata shida yana shirin miƙa wa budurwarsa Hye-rin zoben aure a jirgin ruwan shaƙatawa daga birnin Busan. Kwaɗayin kek ɗin da ta ce za ta ba su kyauta ne ya sa ya mayar da rajistarsu ofishin tafiye-tafiyen goggonsa Mal-sun. Yanzu ita kaɗai kamfanin jirgin yake saurara.

"Ɗan nan, ka kawo mana mata ban san halinta ba? A jirgin zan san shi," in ji Goggo.

"Ai ɗakin na mutum biyu ne! Hye-rin kika cire?"

"Haba, wannan yarinyar kirkin? Kai na cire. Har ta haɗa kayanta."

Seok-ju ya damƙe zoben a aljihu.

"To jirgin nan sai na hau shi, ko wanke-wanke ne su ɗauke ni!"